Shekara 35 kan kujera ɗaya: abin da Fada Hesburgh ya yi wa jami'ar Notre Dame

Wani ƙanina malamin makaranta ne ya turo min tambaya, ya ce ya ji labarin wani limamin cocin Katolika da ya shugabanci jami'a a Amurka har shekara 35, to shi abin ya ɗaure masa kai, wai ta yaya mutum ɗaya zai daɗe haka ba a kore shi ba kuma jami'ar ba ta lalace ba, kuma ko wannan ba hujja ba ce cewa mu da muke ba shugaban jami'a wa'adi ɗaya na shekara 5 mun yi kuskure?

To Malam, wanda ka ji labarinsa sunansa Theodore Hesburgh, mutanensa Fada Ted suke ce masa (fada shi ne limamin Katolika), jami'ar kuma Notre Dame ce da ke gefen garin South Bend a jihar Indiyana. Ya hau a 1952 yana ɗan shekara 35, ya sauka a 1987 yana da 70. Ni dai na daɗe ina koyar da tarihin gudanar da manyan makarantu kuma na yi zaman sanet, wato majalisar malaman jami'a, har na gaji, shi ya sa duk sanda aka kawo sunan mutumin nan a matsayin hujjar a bar shugaba ya daɗe sai in ce a'a, ku tsaya tukuna, ku ga abin da ya yi da daɗewar tasa. Don babban aikin da ya yi a shekarun nan shi ne ya rage ikon da ke hannunsa da hannun ƙungiyarsa da kansa, ba wanda ya tilasta masa.

Bari in fara da yadda ya tarar da wurin. Wani fada Bafaranshe mai suna Edward Sorin ne ya kafa makarantar a 1842, kuma mallakar ƙungiyar limamai ce da ake kira Holy Cross, wato su ne da filin, su ne da gine-ginen, su ne ke naɗa shugaba daga cikinsu. Kafin zuwan Hesburgh in ka ce Notre Dame a Amurka ba wanda zai tuna laburare ko ɗakin bincike, ƙwallo za a tuna, irin ƙwallon nan tasu ta Amurkawa da ake runguma a hannu ana ture juna. Makarantar maza zalla ce, horo kamar barikin soja, da dare a kashe wuta, da safe a duba waye ya zo addu'a waye bai zo ba. Ƴaƴan talakawan Katolika, jikokin baƙin da suka yi ƙaura daga Ayalan da Italiya da Folan, su ne ɗalibanta. Kuma a lokacin manyan jami'o'i irin su Harvard da Yale kallon makarantar koyon addini da wasa kawai suke mata. Har wani malamin tarihi, shi ma fada ne, John Tracy Ellis, ya yi wani rubutu a 1955 da ya tayar da ƙura inda ya caccaki ƴan uwansa Katolika kan cewa ba su taɓuka abin kirki a fagen ilimi mai zurfi ba. Wannan gorin shi ya riƙa cin Hesburgh a rai duk tsawon mulkinsa.

Shi kansa haifaffen Syracuse ne a jihar New York, 1917, ya yi karatu a Roma yaƙin duniya na biyu ya koro shi gida, aka naɗa shi fada a 1943, ya gama digirin dakta a 1945. So ya yi ya zama limamin sojan ruwa manyansa suka ce a'a koma Notre Dame ka koyar. A 1949 shugaban lokacin John Cavanaugh ya ɗauko shi ya yi masa mataimaki, shekara uku ke nan yana koyon aikin kafin a miƙa masa.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba wanda ya shafi tambayarka kai tsaye. Su ma fa suna da wa'adi. Shugaban jami'ar shi ne kuma shugaban limaman da ke zaune a wurin, dokar coci kuwa ta ce wannan muƙami na biyu ba a wuce shekara 6 a kai. Ka ga ke nan da an bi al'ada a 1958 zai tattara kayansa. Sai aka raba muƙaman biyu, aka ba wani shugabancin limamai, shi ya ci gaba da na jami'a ba tare da wa'adi ba. Don haka eh, an taɓa ƙa'ida saboda shi, wannan kam ba a ɓoye yake ba.

Alƙaluman da ake yawan kawowa kuwa gaskiya ne kuma suna da ban mamaki. Asusun wakafin jami'ar, wato dukiyar da masu kyauta ke bayarwa a juya ta a riƙa cin ribar ba a taɓa uwar kuɗin ba, ya same shi dala miliyan 9 ya bar shi miliyan 350. Kasafin kuɗin shekara daga miliyan 9.7 zuwa miliyan 176.6. Kuɗin bincike daga dala 735,000 zuwa miliyan 15. Ɗalibai daga 4,979 zuwa 9,600, malamai daga 389 zuwa 950. Ka lura da wani abu a nan, ɗalibai ninki biyu ma ba su cika ba amma malamai sun kusa ninki biyu da rabi, wakafi kuma ya kusa ninki 40. Mu da muka saba ganin shugaba yana alfahari da cewa ya ɗebi ɗalibai dubu kaza alhali aji ɗaya mutum 700 malami ɗaya da lasifika, wannan lissafin ya kamata ya tsaya mana a rai. Shi ba yawa ya nema ba.

Ta ina kuɗin suka fito? A 1960 gidauniyar Ford ta ce za ta ba su dala miliyan 6 amma da sharaɗin su nemo miliyan 12 da kansu cikin shekara 3. Suka bazama wajen tsofaffin ɗalibai da attajirai, suka tara har ya wuce abin da aka ce. Da irin kuɗin nan aka gina katafaren laburaren da aka buɗe a 1963 wanda yanzu sunansa yake ɗauke da shi. Zaɓin laburare a matsayin ginin farko mafi girma ba haka kawai ba ne, saƙo ne yake aikawa cewa daga yau ga abin da muke so a san mu da shi.

Ƙwallon ma bai kashe ta ba, ba wawa ba ne, ya san ita ke kawo suna da kuɗi da kuma soyayyar tsofaffin ɗalibai. Amma ya nuna wa masu horarwa cewa ƙarƙashin jami'a suke. Frank Leahy, kocin da ya ci musu kofin ƙasa sau 4 kuma ake ganin ya fi ƙarfin kowa a harabar, ya ajiye aiki a 1954, shekara biyu da hawan Hesburgh. Aka yi shekaru ana shan kashi magoya baya na zagi, sai a 1964 suka ɗauko Ara Parseghian wanda ko Katolika ba shi ba ne, ya ci kofi a 1966 da 1973.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, shekarar 1967. Abu biyu suka faru.

Na farko, ƙungiyar Holy Cross ta miƙa mallaka da ikon jami'ar ga wani sabon tsari. Aka kafa wata ƙaramar majalisa ta mutum 12, shida limaman ƙungiyar, shida kuma mutanen gari waɗanda ba limamai ba, su ne ke zaɓen kwamitin amintattu mai faɗi wanda mafi yawansa ba limamai ba ne, lauyoyi da ƴan kasuwa da masana. Wani lauya daga Shikago, Edmund Stephan, shi ya fara shugabantar kwamitin. Kwamitin nan shi ke zaɓen shugaban jami'a, shi ke duba kuɗi, kuma in ya ga dama zai iya cire shi. Ka yi tunani, mutum yana shekara 15 kan mulki, sunansa ya kai ko'ina har mujallar Time ta sa hotonsa a bango a 1962, ba mai iya ja da shi a cikin gida, sai ya je ya shawo kan ƴan uwansa limamai da manyansu na Roma cewa mu ba da dukiyar nan da muka gada sama da shekara 120, mu ɗora wa kanmu mutanen da za su riƙa tambayarmu. Wasu tsofaffin limaman ba su ji daɗin haka ba, a ganinsu ya yi kyauta da gadon gidansu. Amma fa ba sakarci aka yi ba, an bar ƙulli biyu: dole shugaban jami'a ya kasance fada daga Holy Cross, kuma ba a iya canza matsayinta na jami'ar Katolika sai da kashi biyu cikin uku na mutum 12 ɗin nan, ka ga limamai shida sun isa su hana.

Me ya sa ya yi haka? Dalili a fili yake. Jami'a ta girma ta wuce a riƙa tafiyar da ita kamar gidan limamai inda babba ya ce a yi sai a yi. Attajirin da zai ba ka miliyoyi yana so ya ga akwai wanda ke duba littafin kuɗi ba ɗan ɗakinka ba. Babban farfesan kimiyya da kake zawarci daga wata jami'a yana so ya tabbata ba wani a Roma da zai aiko da takarda a kore shi. Kuma taron gyaran cocin Katolika da aka gama a 1965, wanda ake kira Vatican na biyu, ya riga ya buɗe ƙofar a ba mabiya gama-gari babban matsayi, sai ya yi amfani da iskar.

Na biyu, a watan Yulin shekarar ya tara shugabannin wasu jami'o'in Katolika a wani gidan hutu na jami'ar da ke Land O'Lakes a jihar Wiskonsin, a lokacin shi ne shugaban ƙungiyar jami'o'in Katolika ta duniya. Suka fitar da wata ƴar gajeriyar sanarwa wadda har gobe ana faɗa a kanta. Abin da ta ce a taƙaice shi ne jami'ar Katolika in tana so ta amsa sunan jami'a dole ta samu cin gashin kai na gaske da ƴancin bincike da koyarwa, ba tare da wata hukuma daga waje ta tsoma baki ba, ko ta gwamnati ko ta coci. Amma sanarwar ta kuma ce dole addinin ya kasance a bayyane yana aiki a cikin jami'ar, wannan ɓangaren masu suka sukan tsallake shi.

Wannan ra'ayin ba a 1967 ya same shi ba. Tun 1954 maɗaba'ar jami'ar ta buga wani littafi da ke ɗauke da maƙalar John Courtney Murray, fada masanin tauhidin Kirista da ke kare ƴancin addini da raba coci da gwamnati, sai Kadinal Ottaviani, wani babban jami'in cocin a Roma, ya nemi a janye littafin. Hesburgh yana sabon shugaba ya ƙi, daga baya ma jami'ar ta ba Murray digirin girmamawa. Shekara 11 bayan nan ra'ayin Murray ɗin ne ya shiga takardar Vatican na biyu kan ƴancin addini.

To amma kar ka ɗauka kowa ya yarda ya yi daidai. Akwai Katolika masu riƙon gargajiya da yawa da suke ganin daga Land O'Lakes aka fara zubar da addini a jami'o'insu, wai a garin neman Harvard ta yaba musu suka riƙa ɗaukar malamai ba tare da duba ko sun damu da addinin ba, sannu a hankali sai ya zama coci da gumaka da addu'a suna nan a harabar amma abin da ake koyarwa a aji ba shi da bambanci da na kowace jami'a. Wani fada ɗan ƙungiyarsu kuma malamin tarihi a jami'ar, Wilson Miscamble, ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa a 2019 inda ya yi masa irin wannan sukar. Fafaroma John Paul na biyu ma ya fitar da takarda a 1990 kan jami'o'in Katolika wadda da yawa ke karanta ta a matsayin jan linzami. Ni a nawa ganin sukar tana da ƙamshin gaskiya ta fuskar ɗaukar malamai, don jami'a malamanta ne, duk abin da ka rubuta a takardar manufa in waɗanda ke shiga aji ba su ɗauke shi ba to ado ne. Amma masu sukar ba sa faɗa mana wace jami'ar za a samu da an bi tasu hanyar, ƙila ƙaramar kwaleji mai tsoron Allah wadda ba mai jin muryarta. Kuma in aka kwatanta da sauran manyan jami'o'in Amurka da coci-coci suka kafa, irin Harvard da Yale ɗin da tuni suka rabu da addini, Notre Dame har yanzu fada ke shugabantarta, akwai ɗakin ibada a kowane hostel. Duk mai tafiyar da jami'a mai tushen addini a wajenmu, ta Musulmi ce ko ta Kirista, wannan tambayar tana jiransa: waye ke da maganar ƙarshe in malami ya rubuta abin da masu makarantar ba sa so?

A 1972 aka fara ɗaukar mata a digirin farko. Da farko so aka yi a haɗe da kwalejin mata ta Saint Mary's da ke tsallaken titi, maganar ta wargaje a 1971, sai kawai ya buɗe ƙofa.

Sai maganar zanga-zanga, wadda na san za ta fi ba ka sha'awa. Lokacin yaƙin Biyetnam jami'o'in Amurka sun kama da wuta, ɗalibai na mamaye ofisoshi. A Fabrairun 1969 ya rubuta wa ɗalibai doguwar wasiƙa ya ce zanga-zanga halak ce, amma duk wanda ya tare hanya ya hana wasu harkarsu za a ba shi minti 15 ya yi tunani, in bai tashi ba a karɓi katinsa a dakatar da shi, in ya ƙara minti 5 kora ce. Shugaban Amurka Nixon ya ji daɗi har ya aiko da yabo, shi kuma Hesburgh ya aika wa gwamnati cewa don Allah kar ta shigo, a bar jami'o'i su gyara gidansu. A Nuwamban shekarar aka gwada shi, ɗalibai suka tare wurin da kamfanin Dow mai yin sinadarin ƙona mutane da hukumar leƙen asiri ta CIA ke ɗaukar ma'aikata, aka hukunta mutum 10, biyar dakatarwa biyar kora. Har yau akwai masu ganin an zalunci yaran nan tunda abin da aka koya musu a ajin addini suka aikata, kuma ni ma abin yana min nauyi. Abin mamakin shi ne a 1970 shi da kansa ya tsaya gaban taron ɗalibai ya soki yaƙin.

Ka ga duk wannan a cikin gida ne, a waje kuma mutumin kamar ba ya zama. Shugaban Amurka Eisenhower ya sa shi a hukumar kare haƙƙin ƴan ƙasa tun kafa ta a 1957, lokacin da mafi yawan baƙar fata a jihohin kudu na ƙasar ko ƙuri'a ba sa iya jefawa. Mutum 6 ne, uku ƴan kudu uku ƴan arewa, ba a zaci za su yarda da juna kan komai ba, a 1959 ya kwashe su zuwa Land O'Lakes ɗin nan aka yi kamun kifi aka ci abinci, kafin a tashi sun amince da kusan duk shawarwarin rahoton. A 1964 ya tsaya hannu da hannu da Martin Luther King, jagoran fafutukar haƙƙin baƙar fata, a wani gangami a Shikago, hoton yana nan ya shahara. Nixon ya ba shi shugabancin hukumar a 1969, da ya riƙa sukar gwamnatin kan jan ƙafa sai Nixon ya sa ya ajiye a 1972. Ya wakilci Vatican a hukumar makamashin nukiliya ta duniya daga 1956 zuwa 1970, ya shugabanci gidauniyar Rockefeller, muƙaman da shugabannin Amurka suka ba shi sun kai 16, digirin girmamawa 150. Ɗalibai har barkwanci suke yi wai bambancinsa da Ubangiji shi ne Ubangiji yana ko'ina, Fada Ted kuma yana ko'ina ban da Notre Dame. Wani abin da ake masa gori da shi kuma, yana can yana yaƙin haƙƙin baƙar fata alhali a jami'arsa ba su da yawa, sai a 1970 da suka koma buga wasan ƙwallo na ƙarshen kaka bayan shekara 45 suna ƙi, aka zuba kuɗin da wasan ya kawo a tallafin karatun marasa rinjaye.

To wa ke riƙe gida in ya tafi? Nan ne sirrin da ba a cika faɗa ba. Fada Edmund Joyce, akanta ne kafin ya zama fada, shi ne mataimakinsa tun ranar farko har ranar ƙarshe, shekara 35 cur, kuɗi da gine-gine da wasanni duk a hannunsa. Halinsu ma ba ɗaya ba, Joyce mai ra'ayin riƙau ne mai tsantseni da kuɗi, Hesburgh mai manyan mafarkai. Daga 1970 kuma aka ƙirƙiro muƙamin mai kula da harkar karatu gaba ɗaya aka sakar masa. Ni na ga shugaban da ko takardar sayen tayar mota sai ta kwana a teburinsa, in ya yi tafiya jami'a ta tsaya cak har ya dawo, irin wannan shekara 5 ma ta yi masa yawa.

Shi ya sa amsata ga kashi na biyu na tambayarka ita ce a'a, labarin nan bai isa hujjar cire wa'adi ba. Gaskiya ne shekara 5 gajeriya ce, ta farko kana koyon hanya ta ƙarshe kowa ya koma kallon wanda zai gaje ka, kuma wakafi ko sunan kirki a bincike ba a gina su a shekara 3. Amma wa'adi ɗaya da aka sa mana magani ne na wata cuta da muka sani, rikicin neman zarcewa da ke raba jami'a gida biyu. Hesburgh jami'a mai zaman kanta ya riƙe, ba gwamna ko minista ya naɗa shi ba, ba shi da mata ba shi da ƴaƴa, ya yi alwashin talauci irin na ƙungiyarsu, albashinsa asusun ƙungiya yake tafiya, ɗaki ɗaya yake kwana a gidan limamai na cikin harabar. Sannan akwai kwamitin da zai iya sallamarsa wanda shi ya kawo shi. In za ka kwafo shekara 35 ɗin to sai ka kwafo waɗannan tare.

Kuma doguwar inuwa tana da illarta ko a wajensa, mutane da dama da ake ganin za su iya gadonsa sun zo sun wuce yana nan. Ya so sauka a 1982 da ya cika 65, kwamitin amintattu suka roƙe shi ya ƙara 5, wanda ni a wajena alama ce ta cewa ba a shirya magaji da wuri ba.

Da ya sauka a 1987 aka ba Fada Edward Malloy, shi da Joyce suka shiga wata motar tafiye-tafiye mai ɗaki a ciki suka bar garin, suka yi kusan shekara suna yawo don sabon shugaba ya samu sarari. Da ya dawo aka ba shi ofis a hawa na 13 na laburaren, nan ya ci gaba da zama yana taimaka wa cibiyoyin nazarin zaman lafiya da harkokin ƙasashen duniya da ya kafa, idonsa ya mutu a ƙarshe ɗalibai ke zuwa suna karanta masa jarida. Malloy ya yi shekara 18, John Jenkins da ya biyo shi ya yi 19. Hesburgh ya rasu ranar 26 ga Fabrairu 2015 yana da shekara 97, aka binne shi a maƙabartar limaman Holy Cross da ke cikin harabar, kabarinsa da ɗan ƙaramin gicciye irin na sauran.